A bar ɗan haya ya buga ƙusa

Duk mai riƙe da waya ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Ɗaki ne ɗan mitsitsi a wani babban birni, sai ga mai ɗakin yana murmushi, ya ja wani allo daga bango ya zama tebur, ya mayar da shi, ya janyo gado daga cikin kabad, ya nuna keke rataye a saman ƙofa, ga tukwane sun yi layi a jikin wani ƙarfe saman murhu. Kafin minti ɗaya ya cika an gamsar da kai cewa ƙanƙantar ɗakinka ba ita ce matsala ba, kai ne ba ka da dabara. Abin da ba a faɗa shi ne, kusan duk dabarar da aka nuna a jikin bango take, an huda shi an ɗaure ta. Mai kallon kuwa sau da yawa ɗan haya ne, kuma a takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu akwai layin da ya hana shi buga ko ƙusa ɗaya sai da izinin mai gida.

Ra'ayina shi ne wanda ya ba mutum hayar ƙaramin ɗaki, ya ba shi hayar bangon ne haɗe da daɓen, kuma ya kamata doka ta faɗi haka ƙarara. Ɗan haya ya samu damar kafa kanta, ya rataya madubi, ya ɗaure kabad kada ya faɗo, ya shafa fentin da ransa ke so, da sharaɗin ranar da zai tashi ya toshe ramuka ya bar wuri yadda ya same shi. Mai gidan da ya ce sam ba ya son a taɓa masa bango, to shi ya gina ma'ajiyar kaya a ɗakin kafin ya nemi mai shiga. Ba zai yiwu ya hana wannan, ya ƙi yin wancan, sannan ya miƙo hannu ya karɓi cikakken kuɗin haya ba.

A yi lissafi a gani. Ɗauki ɗaki mai murabba'in mita 20, wanda a cikinsa za a kwana, a zauna, a karɓi baƙo. Gadon mutum biyu mai faɗin santimita 140 da tsawon mita 2 ya cinye kusan murabba'in mita 3, kuma sai an bar masa hanya ta kamar santimita 60 a gefe, in ba haka ba kullum ta wajen ƙafa za a riƙa hawa. Kabad ɗin rataye tufafi yana son zurfin santimita 60, domin faɗin kafaɗar riga ke nan idan an rataye ta, sannan ƙofarsa tana son fili a gabanta, mai buɗewa ma yana son wurin tsayawa. Ƙofar shigowa tana share nata yankin da ba a ajiye komai a kai, haka ta banɗaki. Ka tara waɗannan, ka ƙara kujera da ɗan tebur, ƙasa ta ƙare tun ba a zo kan akwatuna da takalma da littattafai da bokiti ba. Amma ɗaga kai ka duba. Daga saitin kanka zuwa silin, zagaye da ɗakin, fili ne fetal. Ɗaki mai mita 4 da mita 5 yana da bango mai tsawon mita 18, kuma ko an cire taga da ƙofofi, abin da ya rage ya isa ya ɗauke mafi yawan tarkacen da ake tuntuɓe da su a ƙasa. Mai babban gida ba ruwansa da wannan lissafi, yana da sito. Mai ƙaramin ɗaki ba shi da wani sito sai bango.

Tun asali ma dabarun ƙaramin ɗaki da bango suka dogara. Gadon nan da ake ɗagawa ya shige kabad, wanda ya shahara da sunan William Murphy, ya samo sunan ne daga mutumin da ke zaune a ɗaki ɗaya a San Francisco wajen 1900, yana son ya riƙa mayar da ɗakin kwanansa falo da rana. Gado ne mai nauyi, kuma idan ba a ɗaure firam ɗinsa da bango ko daɓe ba, ranar da aka janyo shi zai iya tahowa gaba ɗaya ya danne mai janyowa. Haka gidan Gary Chang da ke Hong Kong, mai murabba'in mita 32, wanda ake tura bangayensa su sauya shi zuwa fasali 24: bangayen a jikin layin ƙarfen da aka kafa a silin suke rataye. Chang mai zanen gine-gine ne, gidan kuma nasa ne, tun yana yaro yake ciki da iyayensa kafin daga baya ya saye shi. Ba wanda zai bugo masa waya ya ce wa ya ba ka izinin huda silin. Ana nuna wa 'yan haya gidansa su yi koyi, alhali abu na farko da ya ba shi damar yin aikin shi ne ainihin abin da su ba su da shi.

'Yan kasuwa sun hango wannan giɓi, sun cika shi da kayan da ba sa buƙatar huji: ƙugiya mai gam, sandar da ake tokarewa tsakanin bango biyu, kantar da ke tsayawa da ƙafarta. Wasu suna aiki, ban musa ba. Sai dai ƙugiya mai gam tawul take iya ɗauka ko ƙaramin hoto, kuma a ɗakin da ke da zafi ko tururi, wata rana cikin dare za ka ji ta faɗo, har da ɓawon fentin da aka so a kare. Kanta mai ƙafa kuma ƙasa take ci, wadda ita ce babu. Tunda wuri ya yi kaɗan, dole a sayi doguwa siririya. Doguwa siririya kuwa ita ce mai kifewa.

A nan maganar ta tashi daga ta ado ta koma ta rai. A watan Yunin 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyin tufafi miliyan 29 a Amurka, bayan wasu sun kife a kan ƙananan yara sun kashe su. Yaro zai janyo aljihun durowa, ya taka ya hau, nauyi ya koma gaba, shi ke nan. Maganin da masu ƙerawa da hukumomin kare masu saye suka daɗe suna nanatawa ɗan maɗauri ne da ke haɗa bayan durowar da bango. A birnin Perth na Ostareliya, a 2015, durowa ta faɗo wa yaron da bai cika shekara biyu ba a gidan haya, ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta shaida wa kotun bincike cewa mai gidan bai ba ta izinin ɗaure durowar da bango ba. Bayan wannan rashi ne jihar Yammacin Ostareliya ta gyara dokarta, ta ba 'yan haya damar ɗaure kayan ɗaki. Jihar Victoria, ita ma a Ostareliya, ta wuce nan: tun watan Maris na 2021 ɗan haya yana iya kafa ƙugiyar hoto da kanta da maɗaurin kaya ba tare da ya nemi izini ba, matuƙar ba a jikin tsirarar bulo ko kankare ba ne. New Zealand ita ma a Fabrairun shekarar ta hana mai gida ƙin amincewa da ƙananan gyare-gyare, ta ba shi kwana 21 ya ba da amsa. Har yau kuma ana ba da haya a duk wuraren nan, masu gidaje ba su rufe ƙofa sun gudu ba.

Mai gida yana da tasa hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Wanda ya taɓa karɓar makulli daga hannun ɗan hayar da ya tashi ya san abin da ake iya tararwa: ramuka sun yi jerin gwano saboda mai hudawar bai iya awo ba, tayil ɗin banɗaki a tsage, bango an shafa masa launi mai duhun da sai an yi ta maimaita shafi kafin fari ya rufe shi. Akwai ma abin da ya fi wannan. A cikin bango wayoyin lantarki da bututun ruwa suke bi, galibi a miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga soket da makunni da famfo. Wanda bai sani ba ya ɗora injin huji a wurin, ko ya jiƙa maƙwabcinsa na ƙasa ko wuta ta ja shi, kuma a gidan bene ɓarnar ɗaki ɗaya ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya. Sannan bango suna suka tara. Na bulo yana riƙe abin da na allon jifsam, wato siririn allon filasta, ba zai riƙe ba sai an lalubo ginshiƙin da ke bayansa. Kanta cike da littattafai da aka kafa a allo zalla, da guntun bangon za ta sauko.

Duk wannan dalili ne na a kafa ƙa'ida, bai kai dalilin hanawa ɗungurungum ba. Kuma ba sabon abu za a ƙirƙiro ba, an riga an yi a wurare. Dokar haya ta Faransa ta 6 ga Yulin 1989 ta raba abin gida biyu: gyaran da bai sauya fasalin gida ba, kamar fenti da kafa kanta, mai gida ba shi da ikon hanawa, wanda kuwa ya sauya fasali, kamar rushe bango, sai da rubutaccen izininsa. Ranar shiga ana zagaya gidan tare a rubuta halin da kowane ɗaki yake ciki, ranar fita a sake, toshe ramuka kuma aikin ɗan haya ne. A Jamus kotuna sun ɗauki huda bango daidai misali a matsayin amfani na yau da kullum da gidan haya. A watan Maris na 2015 kuma babbar kotun tarayyar ƙasar ta yanke cewa wanda aka miƙa wa gida ba a yi masa sabon fenti ba, ba za a fake da sharaɗin da aka saba bugawa a takarda a ɗora masa nauyin fentin ba, sai in an rage masa wani abu a madadinsa. Japan, inda aka san masu gida da tsanani kan a mayar da ɗaki yadda yake, tun 1998 gwamnati ta fitar da jagora mai rarrabewa dalla-dalla. Ramin ɗan fil ɗin manna takarda tsufan gida ne, mai gida ke ɗauka. Ramin ƙusa ko sukurun da ya kai ga sai an canza allon bango, ɗan haya ke biya. Har sun ƙiyasta cewa darajar takardar bango tana ƙarewa cikin shekara 6, don haka wanda ya daɗe haka a ɗaki ba za a caje shi kuɗin sabuwa ba. Wannan lissafin ya fi komai burge ni, domin ta nan ake yawan cutar ɗan haya: a riƙe masa kuɗin ajiya a ce za a yi fenti, alhali fentin ya riga shi tsufa a gidan.

Akwai kuma abin da ke ɗaure wa ɗan haya hannu wanda ba a rubuta shi da sunan hani, wato gajeren wa'adi. Wanda bai san ko zai kai baɗi a ɗaki ba, ba zai kira kafinta ya auna masa lungu ya yi kabad daidai wurin ba. Abin da ƙaramin ɗaki ya fi buƙata kuwa ke nan, kayan da aka yi dominsa, masu cike lungun nan tsakanin ƙofa da ginshiƙi wanda babu kantin da ke sayar da abin da zai shiga. A Jamus, inda yarjejeniyar haya galibi ba ta da ranar ƙarewa, an saba ba da gida babu kabad ɗin kicin, ɗan haya ya kafa nasa, in zai tashi ya kwance ya tafi da shi ko ya sayar wa mai shigowa. Baƙo yana ganin abin wani iri, amma yana nuna yadda mutum ke zuba kuɗi a wurin da ya san ba gobe za a tashe shi ba. Inda kuwa ake sabunta haya duk shekara cikin fargabar ƙari, mafi arha mutane ke saye, na garin katakon da aka matse da gam, wanda in an kwance shi aka sake ɗaurawa sukurorin ba sa kamawa kamar da, in ruwa ya taɓa ƙafarsa ya kumbura. Ƙaura biyu ta isa ta kai shi bola. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai an zubar da kayan ɗaki tan miliyan 12 a ƙasar, kashi 80 cikin ɗari kuma binne su aka yi.

Kafin ado akwai gyara, kuma a nan ne aka fi ɗora wa ɗan haya kayan da ba nasa ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a gidan haya wanda ya san wurin yoyon daban, mai ikon gyarawa daban. Danshi ya fi cin ƙaramin ɗaki. Numfashin mutum biyu cikin dare, tururin girki, wanka, wankin da aka shanya a ciki saboda babu baranda, duk ruwa ne da ke shiga iska, iskar kuma kaɗan ce. Inda ya tarar da bango mai sanyi, nan yake kwanciya. Ja kabad ɗin da ya shekara manne da bangon waje ka leƙa bayansa: baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna hawa daga ƙasa, allon bayan ya yi laushi ya banƙare, takalman da ke ƙasa sun yi fari-fari, ga warin nan da ka daɗe kana ji a tufafinka kana zargin sabulu. Masana suna cewa a bar 'yar tazara tsakanin kabad da bango, kada a jingina manyan kaya da bangon waje. Shawara ce mai kyau ga wanda ke da wani bangon da zai mayar da su.

A watan Disambar 2020 yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale na Ingila, a gidan haya mai ɗakin kwana ɗaya. A Nuwambar 2022 kotun bincike ta tabbatar cewa daɗewa yana shaƙar fumfuna ne ya yi ajalinsa, kuma gidan ba shi da isasshiyar hanyar fitar da iska. Iyayen sun yi ta kai kuka. Tun da farko abin da aka ce wa mahaifin shi ne ya shafa fenti a kai, daga baya kuma masu gidan suka ɗora laifin a kan yanayin zaman iyalin. Sai bayan haka majalisar Birtaniya ta yi doka a 2023 da ta tilasta wa masu gidajen hayar jama'a su bincika irin wannan ƙorafi su gyara cikin wa'adi. Fenti, labule mai kauri, takardar bango mai gam, duk suna iya ɓoye danshi na ɗan lokaci, shi ya sa nake jin haushin masu koya wa 'yan haya yadda za su rufe tabo da hoto. Fankar zuƙe tururi a banɗaki da kicin, tagar da ke buɗuwa, rufin da ba ya zuba, ba ɗan haya ne zai saye su ba, kuma ba shi ya kamata ya yi ta roƙo a kansu ba.

Na ce mai gidan da ba ya son huji ya gina ma'ajiya. An taɓa ɗaukar wannan da muhimmanci. A 1926, lokacin da birnin Frankfurt ke gina dubban ƙananan gidaje domin ma'aikata, mai zanen gine-gine Margarete Schütte-Lihotzky ta zana kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4. Ta yi nazarin takun mai girki da miƙa hannunsa, ta ba komai mazauni: kabad a jikin bango, allon guga da ake naɗewa, ƙananan aljihunan alminiyam na kayan abinci, kujera mai juyawa, taga a ƙarshen ɗakin. An kafa irinsa kusan 10,000. Daga baya an soke shi cewa ya killace mace ita kaɗai a lungu, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa shi nake so: wanda ya rage faɗin ɗaki, a wuyansa yake ya mayar da abin da ya rage ta hanyar tsari. Ma'aunin faɗin gidaje da Ingila ta fitar a 2015 ya bi wannan hanya. Ya ce gidan mutum ɗaya kada ya gaza murabba'in mita 37 in shawa ce a banɗakin, 39 in baho ne, na mutum biyu 50. Bai tsaya nan ba, ya ware murabba'in mita 1 na ginanniyar ma'ajiya ga mutum ɗaya, 1.5 ga mutum biyu.

New York ta hana gina sabon gida ƙasa da murabba'in ƙafa 400, wato kusan mita 37, a sassa da dama na birnin daga 1987 zuwa 2016. Da aka so a gwada ƙananan gidaje, sai aka ɗage ƙa'idar domin ginin Carmel Place da aka buɗe a 2016, mai gidaje 55 masu murabba'in mita 24 zuwa 33. Abin lura shi ne an biya ƙanƙantar da wani abu: silin mai tsayin kusan mita 3, manyan tagogi, ma'ajiya a can sama, wurin ajiye keke da na wanki da ɗakin taruwa na kowa da kowa. Fiye da mutum 60,000 suka nemi gidaje 14 masu rangwamen haya a ginin. Wasu suna kawo wannan adadi a matsayin shaidar cewa mutane na sha'awar ƙananan ɗakuna. Ni abin da na gani a ciki shi ne yawan waɗanda ba su da zaɓi.

Domin akwai inda dabara ke ƙarewa. A 2013 Ingila ta sassauta ƙa'ida, ta ba da damar mayar da ofisoshi gidajen kwana ba tare da cikakken izinin tsara birni ba. Aka samu ɗakuna masu murabba'in mita 13. A garin Watford, a 2019, an amince da mayar da wani tsohon ginin sana'a gidaje 15, bakwai daga ciki babu taga ko ɗaya. Sai da aka yi ta surutu gwamnati ta wajabta hasken rana a 2020, ta kuma ɗora ma'aunin faɗi a kan irin waɗannan gine-gine daga Afrilun 2021. A Hong Kong, ƙidayar 2021 ta gano fiye da ɗakuna 100,000 da aka yayyanka daga cikin gidaje, mutum fiye da 200,000 na zaune a ciki, matsakaicin faɗinsu murabba'in mita 11. A 2024 gwamnatin yankin ta gabatar da ma'auni: kada ɗaki ya gaza murabba'in mita 8, ya kasance da taga da banɗakinsa. Faransa tun 2002 ta ce ɗakin da za a bayar haya ya kai murabba'in mita 9 da tsayin mita 2.20, ko kuma cikinsa gaba ɗaya ya kai mita 20 na kubik. Ɗakin da ba shi da taga, ko madubi nawa aka jera masa, duhu zai riƙa haskowa.

Masu adawa da ƙayyade faɗi suna cewa in ka haramta ƙaramin ɗaki, ba babba ka ba talaka ba, titi ka tura shi, ko can bayan gari inda rabin yininsa zai ƙare a mota. Maganar tana da nauyi, shi ya sa ba na goyon bayan a tsawwala. Ɗalibi ko sabon zuwa birni zai iya fifita mita 18 kusa da wurin aikinsa a kan mita 40 a nesa, kuma ba hurumin kowa ba ne ya hana shi. Da ni ke rubuta doka, da na rage jayayya a kan lambar faɗi na tsananta a kan abubuwan da ke sa ƙaramin wuri ya zaunu: taga mai buɗuwa zuwa waje, tsayin silin, hanyar fitar tururi, ma'ajiya, da 'yancin taɓa bango.

Gina komai a jikin ɗaki ma yana da nasa haɗarin. Benen Nakagin da Kisho Kurokawa ya zana a Tokyo, wanda aka kammala a 1972, ɗakuna 140 ne kamar akwatuna, kowanne kusan murabba'in mita 10, da gado da kabad da talabijin da rikoda duk a jikin bango. An tsara za a riƙa cire akwatunan ana sauya su duk shekara 25. Ba a taɓa sauya ko ɗaya ba. Na'urorin suka tsufa, bututu suka lalace, aka yanke ruwan zafi a 2010, aka rushe ginin a 2022. Don haka abin da nake nema wajen mai gida ba wani abin al'ajabi ba ne, kabad ne mai ƙofa da alluna, wanda kowane kafinta zai iya gyarawa.

Ɗan haya ma ba a wanke shi tas ba. Yawancinmu muna sayen kaya ne daidai gidan da muke mafarki, mu kawo su ɗakin da muke ciki. Ana auna ɗaki a manta da hanyar zuwa ɗakin. Sai a ga doguwar kujera ta maƙale a kwanar matakala, mutum biyu a sama biyu a ƙasa, an karkata ta, an tayar da ita tsaye, an kwance ƙafafunta, maƙwabta sun tsaya suna jiran hanya kowa da tasa shawarar, ƙarshe dai a sauko da ita da tabon filasta a kafaɗa. Faɗin ƙofa, kwanar matakala da cikin lif su ake fara aunawa. Kayan nan masu aiki biyu kuma a yi hattara da su. Gadon da ke komawa kujera yana da amfani ne idan za a riƙa naɗe shi kullum da safe, mafi yawan mutane kuwa mako biyu suke yi su gaji, ya zauna a buɗe, a ƙare da gado mara daɗi mai tsadar abu biyu. Kuma babu yawan kantar da za ta wadatar da wanda ba ya iya rabuwa da komai.

Kafin doka ta iso inda ba ta iso ba, takardar yarjejeniya za ta iya ɗaukar nauyin, kuma layi kaɗan ya isa. A rubuta cewa ɗan haya yana da damar kafa kanta, labule, madubi da maɗaurin kaya, ban da jikin tayil sai da izini. A rubuta cewa zai toshe ramuka ya mayar da launin bango ranar fita, in kuma mai gida ya ga abin da aka kafa ya yi masa, a bar shi a sasanta kan kuɗinsa. A ɗauki hoton kowane bango ranar karɓar makulli, kowa ya riƙe nasa. A rubuta shekarar da aka yi fenti na ƙarshe, domin a san wanda zai biya na gaba. Shi kuma mai gida, tunda shi ya san gininsa, ya zo ranar shiga ya nuna inda waya da bututu suka bi, da irin bangon da kowane gefe yake.